Mutum nawa ne a okestirar zamanin Haydn da Mozart, kuma me ya sa sautinta ya bambanta da na yau?

Wani mai sha'awar kiɗan Turai ya ce ya saurari simfoni ɗaya ta Mozart, wato dogon kiɗa mai babi-babi da ake tsarawa don taron makaɗa, daga ƙungiyoyi biyu. Ta farko makaɗanta sun kai 80, sautin ya yi kauri ya cika kunne. Ta biyu ba su kai 40 ba, amma yana jin kowane kayan kiɗa daban, har da wata busa da bai taɓa sanin tana ciki ba. Yana so ya san wacce ce ta asali, yaya ake haɗa okestira, wato ƙungiyar makaɗa masu kaya iri-iri, a wancan zamani, kuma idan ƙaramar ƙungiya za ta kaɗa irin wannan kiɗa yau, me ya kamata ta kiyaye.

Malam, ta biyun ta fi kusa da abin da Mozart ya saba ji. Sai dai ba yawan mutane kaɗai ya kawo bambancin ba. Okestirar wancan zamani awo ce tsakanin masu tsirkiya da masu busa, kuma an yi awon ne da kayan kiɗan da ke hannu a lokacin. Duk wanda ya canja kayan ko ya ƙara mutane bai sake awon ba, wani abu zai nutse.

Zamanin da ake magana shi ne wanda ake kira kilasik, daga wajen 1750, shekarar da Bach ya rasu, zuwa wajen 1820. Manyan masu tsara kiɗansa uku ne: Haydn, wanda ya rayu daga 1732 zuwa 1809, Mozart daga 1756 zuwa 1791, sai Beethoven daga 1770 zuwa 1827, dukkansu kuma birnin Biyena na Ostiriya ya haɗa su.

Tushen okestirar masu tsirkiya ne, an kasa su gida huɗu a takardar kiɗa: bayolin (mai kama da goge) na farko, bayolin na biyu, biyola wadda ta ɗan fi bayolin girma, sai layin ƙasa wanda manyan 'yan'uwansu, celo da babban bas, suke kaɗawa tare, bas ɗin yana fitar da sauti ɗaya da na celo amma a ƙasa da shi. A kan wannan tushe ake ɗora masu busa, bibbiyu. A shekarun 1760 abin da aka fi samu obo (busar katako mai kama da algaita) biyu ne da hon (ƙahon tagulla mai naɗaɗɗen bututu) biyu, sai basun (doguwar busar katako mai kaurin murya) da ke bin layin ƙasa ko da ba a rubuta masa komai ba. Kafin ƙarshen ƙarnin tsarin ya cika: fulut 2, obo 2, kilarinet 2, basun 2, hon 2, turampet 2, da mai timfani ɗaya mai ganguna biyu. Masu busa 12 ke nan da makaɗin ganga 1. Wannan shi ne abin da Beethoven ya tarar, kuma da shi ya rubuta simfoninsa ta farko a 1800.

Yawan masu tsirkiya kuwa ya danganta da aljihun mai gida da girman ɗaki. Lokacin da Haydn ya kama aiki a gidan sarautar Esterházy a 1761, makaɗan ba su wuce 15 ko kusa da haka ba, daga baya suka kai 20 da 'yan kai. Simfoni da dama da ake kaɗawa yau da mutum 60, an fara kaɗa su ne da bayolin shida ko bakwai gaba ɗaya. A Mannheim ta Jamus, inda Johann Stamitz ya gina okestirar da ta fi kowace suna a Turai wajen horo da tashi tare, Mozart ya rubuta wa mahaifinsa a 1777 cewa akwai bayolin 10 ko 11 a kowane ɓangare, biyola 4, celo 4, bas 4, basun 4, da sauran masu busa bibbiyu har da kilarinet. Da Haydn ya je Landan a 1791 bisa gayyatar Johann Peter Salomon, mai bayolin da ke shirya tarukan kiɗa, ya sami makaɗa kamar 40 a wani ɗaki mai tsawon mita 24 da faɗin mita 10 ko kusa da haka. A 1795 adadin ya kai wajen 60. Har ma akwai wani taro a Biyena a 1781 da Mozart ya ba da labari cikin murna, inda aka kaɗa simfoni da bayolin 40, biyola 10, celo 8, bas 10. To amma ka lura da abin da aka yi a ranar: an ninka masu busa, basun ma 6 aka sa. Sun san cewa idan tsirkiya ta yi yawa, dole busa ta bi ta. Wannan ne abin da manyan okestirorin ƙarni na 20 suka sha mantawa: bayolin 30 a gaba, obo biyu a baya, sai layin obo ya ɓace.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato kayan tagulla, domin su suka tsara yadda aka rubuta kiɗan baki ɗaya. Hon da turampet na wancan lokaci ba su da bawul, wato maɓallan da ake dannawa a canja tsawon bututun. Bututu ne zalla, kamar yadda kakaki yake bututu zalla, mai busa yana canja sauti da matsin leɓensa kawai. Bututu irin wannan ba ya ba da duk sautukan da ake so, yana da jerinsa da tsawonsa ya ƙayyade. Idan bututun na gidan C ne, abin da zai bayar a tsakiya shi ne C, G, C, E, G, sai a can sama sautukan suke matsowa kusa da juna, C, D, E, sannan wani sauti da ya tsaya tsakanin F da na samansa, wanda ba ya zama daidai sai an gyara shi. Abin da ake nufi da gida shi ne sautin da kiɗa yake tashi daga gare shi kuma yake komawa, Turawa suna sa wa waɗannan sautuka sunan haruffa.

Mai hon yana yawo da guntayen bututu masu tsawo daban-daban. Idan kiɗan na gidan D ne, ya ɗaura guntun D. Idan babi na gaba ya koma G, ya cire ya sa na G. Sauyin yana cin lokaci, shi ya sa ake yin sa tsakanin babi da babi, ko kuma a bar wa mai hon dogon shiru. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 aka yaɗa dabarar cusa hannu cikin bakin hon don a sauke sautin a sami waɗanda ke tsakani, ana danganta ta da Anton Hampel na Dresden. Sautin da aka toshe da hannu yana fitowa a shaƙe, wanda aka bari a buɗe yana fitowa da haske, kuma masu tsara kiɗa sun san wanne ne wanne. Hon na yau, mai bawul, yana fitar da duka da launi ɗaya, don haka wannan ɗanɗano ya tafi. Dubi simfoni ta 40 ta Mozart, wadda ka fi yiwuwa ka ji: ya ba hon ɗaya guntun G, ɗayan kuma ya ba shi wani guntu daban, don abin da wannan ba zai iya ba wancan ya cike. Babu turampet ko timfani a cikinta sam.

Turampet kuwa ya ninka na yau a tsawo, na gidan C ya kai kusan mita 2 da rabi idan an miƙe shi. An fi amfani da shi a gidajen C da D da wanda ke tsakanin D da E, kuma kusan kullum tare da timfani yake tafiya. Shi ya sa simfonin biki da na tarbar manya suka taru a C da D. Timfanin biyu ne, ƙanana idan aka gwada da na yau, an rufe su da fatar maraƙi, ana ɗaure su da notuna da hannu, ɗaya bayan ɗaya a kewaye. Ɗaya ana sa ta a sautin gida, ɗayar a sauti na biyar daga gida. Idan kiɗan ya yi nisa da gida a tsakiyar babi, turampet da timfani sai su yi shiru domin ba su da sautin da zai dace. Idan ya dawo gida, su shigo da ƙarfi. Mai sauraro yana jin dawowar a jikinsa ko bai san komai a kan ƙa'idar kiɗa ba. Gazawar kayan ita ta zama alamar hanya. Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel sun yi rajistar bawul a 1818, amma ya ɗauki shekaru da dama kafin ya zauna a okestira.

Kayan busa na katako duk katakon ne da gaske, har da fulut, kuma maɓallansu kaɗan ne: obo biyu, kilarinet biyar, fulut daga ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Sauran sautuka da haɗa yatsu ake samo su, saboda haka wasu suna fitowa da ƙarfi wasu a laushi. Kilarinet shi ne baƙon da ya zo daga baya. Mozart ya fara sa shi a simfoni a Faris a 1778, Haydn sai a 1793 a simfoninsa ta 99. Simfoni uku na ƙarshe da Mozart ya rubuta a 1788 sun nuna cewa tsarin bai riga ya daskare ba: ta 39 tana da kilarinet babu obo, ta 41 tana da obo babu kilarinet, ta 40 kuwa ya fara rubuta ta babu kilarinet, daga baya ya sake ta ya sa su. Idan ka ji bambanci tsakanin ƙungiyoyi biyu a ta 40, duba wannan tukuna.

Bayolin da 'yan'uwansa tsirkiyar hanjin dabba suke ɗauka, masu kaurin cikinsu an naɗe su da siririn ƙarfe, kuma ba a ja su da ƙarfi kamar na yau. Sautin ya fi taushi, yana da ɗan kaushi a farkonsa, kuma yana mutuwa da wuri. Bakan gogawa ma ya fi sauƙi. Irin wanda ake riƙewa yau François Tourte ne ya daidaita siffarsa a Faris wajen shekarun 1780, kuma bai game ko'ina nan take ba. Tsohon baka ya fi iya gajerun jimloli masu numfashi a tsakani, sabon ya fi iya dogon layi marar yankewa. Babu majinginar haɓa a bayolin sai wajen 1820, celo kuma a tsakanin ƙafafu ake riƙe shi ba tare da ƙarfen da ke tokare ƙasa ba. Batun tsayin sauti, kowane gari da nasa. Ƙungiyoyin da ke amfani da tsofaffin kaya a yau sun fi ɗaukar sautin A a kan girgiza 430 a daƙiƙa, alhali ma'aunin yau 440 ne, shi ya sa za ka ji ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙasa.

Babu mai sanda a gaba yana jagorantar makaɗa kamar yau. Jagoranci a raba yake tsakanin shugaban masu bayolin, wanda ke ba da alama da bakansa da kafaɗarsa, da kuma wanda ke zaune a fiyano ko hafsikod, mai maɓallai da ya riga fiyano, sau da yawa shi ne wanda ya tsara kiɗan. A Landan Haydn yana kan fiyano, Salomon yana jan ragama da bayolin. Wannan tsari yana aiki da mutum 30 ko 40 da ke jin juna, amma yana wargajewa idan kiɗan ya rikita kuma bita ta yi ƙaranci, abin da ya zama ruwan dare domin sau da yawa bita ɗaya ake yi. A taron da Beethoven ya shirya ranar 22 ga Disamba 1808, inda aka fara kaɗa simfoninsa ta 5 da ta 6, an shafe awa huɗu cikin sanyi, kuma a kiɗan ƙarshe makaɗan suka rikice har aka tsaya aka sake. A wannan simfoni ta 5 ne ya ƙara turambon 3 da ƙaramin fulut da babban basun a babin ƙarshe, alamar cewa rigar ta fara yi masa kaɗan.

Ita simfonin kanta yawanci babi huɗu ce: mai sauri, mai natsuwa, rawar minuwet mai bugu uku-uku, sai mai sauri na rufewa, duka cikin minti 20 zuwa 30. Babin farko yana gabatar da jigoginsa a gida sannan ya ƙaura zuwa gida na biyu, ya shiga yawo yana jujjuya su, ya dawo ya maimaita komai a gida.

Ga ƙungiyar da ke son kaɗawa da kayan yau, a fara da adadi. Don simfonin ƙarshen rayuwar Haydn ko Mozart, bayolin na farko 8, na biyu 8 ko 7, biyola 5, celo 4, bas 2, ya wadatar. Da masu busa da timfani an kai kusan 40. Don simfonin farkon Haydn masu obo biyu da hon biyu, 4, 4, 2, 2, 1 ya isa, a ƙara basun ɗaya a layin ƙasa domin yana kaifafa shi. Kada a rage bayolin na biyu sosai don ƙara wa na farko. A wannan kiɗa ɓangarorin biyu suna yawan yi wa juna tambaya da amsa, kuma idan an zaunar da su suna fuskantar juna, na farko a hagu na biyu a dama, amsar tana fitowa fili. Idan an jera su gefe ɗaya sai ta narke.

Kuskuren da ya fi yawa yana wurin alamar ƙarfi. Masu tsara kiɗa na wancan zamani suna rubuta alamar ƙarfi iri ɗaya ga kowa daga sama har ƙasa, domin turampet ɗinsu da timfaninsu ba sa danne kowa. Turampet na yau idan ya bi alamar yadda take, zai rufe masu katako gaba ɗaya. Maganin shi ne ya bugi farkon sautin da kaifi sannan ya janye nan take, ya bar wa sauran fili. Mai timfani ya ajiye makaɗa masu laushin kai, ya ɗauki masu tauri, na katako ko waɗanda aka naɗe da fata, ya zaɓi ƙananan ganguna idan da hali, kuma ya riƙa kashe amon da hannu idan layin ƙasa ya motsa. Babbar ganga da makaɗi mai laushi tana yin gunji da ke daɗewa, gunjin kuma yana cakuɗe da celo da bas har a rasa inda ƙasan kiɗan ya dosa.

Masu tsirkiya su kiyaye gajerun layukan da ke haɗa sauti biyu ko uku a takarda. Ba ado ba ne: na farko ana jingina a kansa, na ƙarshe ana sake shi da sauƙi, a ɗan ɗaga baka. Wanda ya haɗe su duka cikin jan baka ɗaya mai tsawo ya goge lafazin kiɗan. Kaɗa yatsa a kan tsirkiya don sautin ya yi rawa, a wancan zamani ado ne da ake sawa a zaɓaɓɓun wurare, musamman dogayen sautuka. Idan mutum 16 suna yin sa a kan kowane sauti, faɗin rawar yana rufe masu busa kuma yana ɓoye rashin daidaiton sauti maimakon a gyara shi. Maimaitattun sautukan rakiya da biyola da bayolin na biyu ke yi, a yi su gajeru marasa nauyi, a tsakiyar baka.

Sauri ma yana da tarko. Babin natsuwa da aka rubuta masa Andante yana nufin takun mai tafiya, ba jan ƙafa ba. Idan an ja shi, masu obo numfashinsu ba zai kai ƙarshen jimla ba, wannan kaɗai ya isa shaida cewa an ja shi da yawa. Na'urar auna sauri ta Maelzel sai a 1815 ta fito, Beethoven ya buga lambobin saurin simfoninsa a 1817, kuma da yawansu sun fi abin da aka saba daga baya sauri. Haydn da Mozart ba su bar irin waɗannan lambobi ba, don haka ma'aunin shi ne sautuka mafi ƙanƙanta a babin: a ɗauki saurin da za su fito tsaf a ɗakin da ake ciki. Ɗaki mai amsa kuwwa yana neman a ɗan sassauta a kuma gajarta sautuka. Maimaicin kashin farko na babin farko kuwa ina ganin bai kamata a tsallake shi ba, domin sai kunne ya riƙe jigogin kafin ya gane yadda ake jujjuya su.

Saura yanayi. Ɗaki yana ɗumama da jama'a, kayan busa suna hawa sama idan sun yi zafi, tsirkiya kuma tana sauka, musamman ta hanji. Fatar timfani tana saki idan iska ta yi laima, tana ƙara ɗaurewa idan ta bushe. Saboda haka masu busa su ɗumama kayansu minti 10 kafin a ɗauki sautin A daga obo, a sake daidaitawa bayan babin farko, mai timfani kuma ya riƙa duba gangunansa a hankali duk lokacin da yake da shiru.

Don horar da kunne, a nemi faifan simfoni ɗaya daga ƙungiyar tsofaffin kaya, kamar Academy of Ancient Music lokacin da marigayi Christopher Hogwood ke jagorantarta, ko ƙungiyar da Frans Brüggen ya kafa a Holan a 1981, a saurare ta gefe da gefe da ta babbar okestira. A saurare na farko a bi basun kaɗai, a na biyu a bi hon, a na uku a lura da wuraren da timfani ya yi shiru da inda ya dawo.